Miyar ƙwallon nama: yadda za ta fito da laushi ba tare da naman ya dagargaje ba

Abu biyu ne ke ɓata miyar ƙwallon nama. Ko dai ki buɗe tukunya ki tarar ƙwallayen sun dagargaje, romon ya koma ruwan toka yana yawo da ɓurɓushin nama, ko kuwa su fito cif yadda kika mulmula su amma da tauri, a ciza a ji kamar roba. Duka biyun tushensu ɗaya: yadda aka kwaɓa naman, da irin wutar da aka ba shi bayan ya shiga ruwa. Kayan ƙamshi kuwa kowa da ra'ayinsa, ba su ne ke tada miyar ko su kwantar da ita ba.

Awon da zan bayar a nan na mutum shida ne: niƙaƙƙen nama giram 500 da romo lita 2.

A fara da naman. Na shanu ko na rago ko haɗin su biyun, duk ya yi, muddin akwai kitse a jikinsa kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari. Naman kafaɗa da na ƙirji ne suka fi dacewa. Tsokar cinya zalla, wadda ido ke so saboda jan ta, ita ce ke ba da ƙwallo busasshe, domin idan nama ya ji zafi yana tsukewa ya matse ruwansa waje, kitsen ne kaɗai ke saura ya riƙe masa laushi. In kaza ce, ki ɗauki cinya, ƙirjin kaza ba shi da abin da zai bayar a nan. Niƙa kuma matsakaiciya ake so. Idan a gida za ki niƙa da injin markaɗe, ki yanka naman ƙanana, ki cire jijiya, ki sa shi a firiza na minti 20 ya ɗan sandare, sannan ki riƙa kunna injin kina kashewa. Kin bar shi yana ta juyawa, wuƙar za ta ɗumama naman, kitsen ya narke ya shafe ko'ina, kwaɓin ya zama kamar man shafawa.

Sai abin da mutane da yawa ke rainawa, wato burodi da madara. Ki samu tsakiyar burodi, ba ɓawon ba, giram 60, kamar yanka biyu ke nan, wanda ya kwana ya fi. Ki gutsuttsura shi a kwano ki zuba madara mililita 80, ki bar shi minti 10, sannan ki dame da cokali mai yatsu har ya zama kamar kunu mai kauri, babu gudaji. Wasu na ganin burodi dabarar ƙara yawa ce kawai don nama ya isa. Aikinsa ya wuce nan. Sitacin da ke cikinsa yana shanye ruwan da naman ke fitarwa ya riƙe shi a cikin ƙwallon, kuma yana shiga tsakanin zaren naman ya hana su ƙulle juna tamau. Idan garin busasshen burodi ne a hannunki, giram 40 ya isa, amma madarar ki kai ta mililita 100 domin ya fi shan ruwa. Wadda ba ta son madara ta sa romo mai sanyi ko ruwa. Kuskuren shi ne a zuba busasshen garin kai tsaye cikin nama ba a jiƙa ba: zai sha ruwan naman ne tun kafin a ɗora tukunya.

Ƙwai ɗaya ya ishi rabin kilo. Ki ƙara na biyu da nufin kada ƙwallon ya fashe, sai ki samu kwaɓi mai ruwa da ba ya mulmuluwa, in ya dahu kuma ya yi wani irin tsalle a baki. Albasa ƙarama ɗaya, a goge ta a abin goga kada a yanka. Yankakkiyar albasa ba ta gama dahuwa cikin minti 12 da ƙwallon ke yi a romo, kuma kowane gutsure yana zama hanyar tsagewa a jikin ƙwallon. Ruwan da gogaggiyar albasa ta fitar ki juye shi kan burodin ki rage madara daidai da shi. Tafarnuwa ƙwaya biyu a daka, masoro rabin cokalin shayi, yankakken ganyen fasili babban cokali biyu. Mai son kumin ko na'a-na'a ta ƙara. Ɗanyar citta tana da daɗi a ciki, sai dai tana ɗauke da wani sinadari mai narkar da nama. In kwaɓin zai kwana a firij, ki sa busasshiyar citta, ko ki bar ɗanyar sai a cikin romo.

Gishiri shi ne inda ya kamata a tsaya a fahimta. Awonsa kusan kashi 1 cikin ɗari na nauyin kwaɓin, wato giram 7, cokalin shayi ɗaya da ɗan ɗigo na gishiri mai laushi. Bayan ɗanɗano, gishiri yana narkar da wani furotin na cikin tsoka da ake kira mayosin, shi ne danƙon da kike ji a yatsunki idan kina cuɗa nama. Wannan danƙon ne ainihin abin da ke riƙe ƙwallo, ƙwai taimako kawai yake yi. Cuɗawa ta yi kaɗan, danƙon bai fito ba, ƙwallon ya warwatse a ruwa. Ta yi yawa, danƙon ya wuce kima, ƙwallon ya yi tauri. Tsakanin nan biyun akwai ɗan fili, kuma ba shi da wuyar ganewa. Ki fara haɗa komai a kwano ban da naman: burodin da aka dama, ƙwai, albasa, gishiri, kayan ƙamshi. Sai ki barbaɗa naman a kai da sanyinsa, ki buɗe yatsunki kamar farce ki riƙa juyawa kina ɗagowa, ba murzawa irin ta kwaɓin fulawa ba. Daƙiƙa 40 zuwa minti ɗaya. Alamar ya yi ita ce ki ɗebi kaɗan ki manna a tafin hannu ki kife hannun, ya tsaya na ɗan lokaci kafin ya faɗo. Da kin ga haka ki janye hannunki.

Taurin nan ba ko'ina ne ake ɗaukar sa aibi ba. A Indonesiya, miyar da suke kira bakso da gangan ake markaɗa namanta da ƙanƙara da sitacin rogo har ya zama kamar ƙullu, don a samu ƙwallo mai tsalle a haƙori. A Meziko kuwa ɗanyar shinkafa suke sawa a cikin ƙwallon maimakon burodi, ta dahu a ciki tana shan romo, suna kiran miyar da sunan albondigas. Kalmar daga Larabci ta shiga Sifaniyanci, daga bunduƙ, wani ɗan ƙaramin 'ya'yan itace mai ɓawo da ya yi kama da harsashi, kuma daga tushen nan ne kalmarmu ta bindiga ta fito. In kina son gwada ta shinkafar, giram 50 wankakkiya ga rabin kilo na nama, amma ki sani dahuwar za ta kai minti 30, ƙasa da haka za a ci karo da tsakiyar shinkafa da garas.

Kafin ki mulmula duka, ki gutsuri kaɗan kamar cokalin shayi ki jefa a ruwan zafi ko ki soya, ki ɗanɗana. Minti uku ne aikin, kuma shi ne damarki ta ƙarshe. Lami ne, ƙara gishiri. Ya watse a ruwa, ƙara cuɗawa na daƙiƙa 20, in kwaɓin ya cika ruwa ki barbaɗa garin burodi babban cokali ɗaya. Ya yi tauri, ƙara madara cokali biyu ki juya a hankali. Ɗanyen kwaɓi dai ba a kai shi baki.

Girman ƙwallon miya ya zama wanda zai zauna a cokali tare da ɗan romo da kayan lambu: giram 20, cikin babban cokali ɗaya, faɗinsa kamar santimita 3. Wannan kwaɓin zai ba ki guda 33 zuwa 35. Ki ajiye kwanon ruwan sanyi kusa kina jiƙa hannu, ki fara ɗebe su duka da cokali ki jera a faranti, sannan ki bi su ɗaya bayan ɗaya kina mulmulawa, ta haka ne girmansu ke zuwa ɗaya su dahu tare. Ki duba jikin kowanne ya yi sumul. Duk tsagar da kika bari, ta nan ruwa zai shiga ya buɗe shi. Sai firij na minti 30, kitsen ya sake daskarewa, burodin ya gama shan ruwa. Wannan hutun ne mutane ke tsallakewa idan suna sauri, kuma sau da yawa shi ne bambancin ƙwallon da ya tsaya da wanda ya baje.

Romo

Ƙwallon nama na minti 12 ba zai iya mayar da ruwa zalla romo ba, dole a zo masa da romon da aka riga aka yi. Ƙashi kilo ɗaya mai ɗan nama a jiki, da gaɓoɓi a ciki in an samu, ruwan sanyi lita 3, albasa ɗaya a raba biyu, karas ɗaya, sandar seleri ɗaya, ƙwayar masoro kamar goma. Da ruwan sanyi ake farawa don dattin ƙashin ya taso a hankali ya taru ya zama kumfar da za a iya kwashewa. Ki tsaya a kai minti 15 na farko da ludayi. Daga nan ki rage wuta, ki ɗora murfi a karkace, awa uku ga ƙashin shanu, awa ɗaya da rabi zuwa biyu ga na kaza. Guringuntsi da jijiyar gaɓoɓi ne ke narkewa su ba romo jiki, irin wanda ke ɗan manne leɓe, in ya kwana a firij ya daskare. Ki tace, zai ba ki kusan lita 2. Kada ki sa gishiri sai an tace, tunda ruwan raguwa yake yi.

Ranar da babu lokacin wannan, romon da ya rage daga dafa kaza ko nama ya wadatar. Dunƙulen sinadarin ɗanɗano ma zai fitar da ke, amma ki tuna mafi yawansa gishiri ne, ki ɗanɗana kafin ki ƙara wani.

A tukunya mai faɗi ki zuba mai babban cokali biyu, ki soya albasa babba ɗaya, karas biyu da seleri sanda biyu, duk yankan ƙanana, da ɗan gishiri, a matsakaiciyar wuta minti 8 har su yi laushi ba tare da sun yi baƙi ba. Tafarnuwa ƙwaya uku ta shiga a minti na ƙarshe, saurin ƙonewa gare ta, kuma ɗacinta ba ya fita. Idan jar miya kike so, tumatirin gwangwani babban cokali biyu, ki soya shi a cikin man minti biyu zuwa uku har jan ya yi duhu ya fara kama gindin tukunya. Gafinsa a nan yake mutuwa. Sai ki juye romo ki kankare ƙanzon da cokalin katako. Gishiri cokalin shayi biyu in romon lami ne, sauran gyara sai ƙarshe.

Dankalin turawa guda biyu, yankan santimita 2, ya riga ƙwallayen shiga da minti 5. Abin lura a nan shi ne tsami yana hana dankali da karas yin laushi da wuri. In za ki sa markaɗaɗɗen tumatir da yawa, ki bari dankalin ya kusa dahuwa tukuna, in ba haka ba za ki yi ta jiran sa yayin da naman ke wuce lokacinsa.

A soya ko kada a soya? Magana ce da masu girki ba su taɓa haɗuwa a kanta ba. Suya tana ba da ƙamshin da ruwa ba zai taɓa bayarwa ba, domin launin ƙasa-ƙasan nan sai zafi ya haura digiri 140 yake samuwa, ruwa kuwa a 100 yake tsayawa. Tana kuma ɗaure bayan ƙwallon ya yi wuyar fashewa. Kuɗin da ake biya shi ne ɓawo mai ɗan tauri, gefe-gefe da suka baje, da maiƙo a saman miya. A nawa ganin, farar miya mai romo garai-garai ɗanyen ƙwallo take so, ya dahu a cikinta ya yi laushi har tsakiya ya bar mata daɗinsa. Jar miya mai tumatir ita ce ke ɗaukar suya. In za ki soya, sama-sama kawai, minti 3 zuwa 4, kashi-kashi kada ki cika kasko, tsakiyar ta ƙarasa a romo. Ko ki jera su a tire ki gasa a obin mai digiri 220 na minti 8, ba juyawa, ba fantsamar mai.

Yanzu wurin da aka fi yin asara. Romon ya tafasa tukuna, sannan ki rage wuta har zaɓalɓalar ta kwanta, ya zama ƙananan kumfa ne ke tasowa jefi-jefi daga gefe, saman ruwan yana ɗan rawa. Mai ma'aunin zafi za ta ga digiri 85 zuwa 90. A haka ƙwallaye ke shiga, ɗaya-ɗaya, a kan cokali, a wurare daban-daban na tukunyar. In ruwan bai yi zafi sosai ba, za su jiƙe su saki jiki kafin bayansu ya ɗaure. In yana zaɓalɓala, zai yi ta gwara su da juna da dankali alhali ba su yi ƙwari ba, kuma ko sun tsira, zafin zai matse su ya fitar da kitse da ruwa, tafasar ta kaɗa kitsen cikin romo ya yi dusu-dusu. Shigar sanyayyun ƙwallaye talatin da wani abu zai sauke zafin tukunyar, hannu zai so ya ƙara wuta sosai. Ki ɗan ƙara kaɗan ki jira.

Minti 3 na farko kada cokali ya shiga tukunya. In kina tsoron su kama ƙasa, ki riƙe hannayen tukunyar ki ɗan girgiza ta. Wata kumfa mai ruwan toka za ta taso, furotin ne da ya fita daga bayan naman, ki kwashe. Za su taso sama wajen minti na biyar ko na shida, kuma tasowar ba shaidar dahuwa ba ce, bayan ne kawai ya ɗaure. Ki ba su minti 10 zuwa 12 daga lokacin da ruwan ya dawo da motsinsa, soyayyun kuma minti 6 zuwa 8.

Niƙaƙƙen nama ba a yi masa rangwamen da ake yi wa tsoka guda. A tsoka, ƙwayoyin cuta a baya suke, zafi na fara taɓa su. Niƙa kuwa ta kai su har tsakiya. Don haka cikin ƙwallon ya kai digiri 71 ga naman shanu da rago, 74 ga kaza. Launi ba ya faɗin gaskiya kullum: nama na iya yin toka-toka bai kai ba, yana kuma iya riƙe ɗan ja-ja bayan ya dahu. In babu ma'auni, ki ɗauki mafi girma ki raba biyu, ya zama tsakiyar ta ɗaure kamar gefen, tana tururi, ruwan da ke fita garai.

Taliya ƙanana ko shinkafa, a dafa su daban a zuba a kwanon kowa. A cikin tukunyar miya, sitacinsu na ɗaure romo, kuma ba sa daina shan ruwa ko an kashe wuta. Miyar da aka bari da taliya a ciki, gobe za a tarar da ita ta kumbura ta shanye rabin romon. Ganye kamar alayyahu minti 2 na ƙarshe ya ishe shi, kabeji minti 6.

Bayan kashe wuta ki ɗanɗana. Idan kin ji wani abu ya rage kuma gishiri ya ji, tsami ne ya rage. Ruwan lemun tsami babban cokali ɗaya yana farkar da romon nama ya yanke maiƙo. A Girka da Turkiyya suna kai wannan gaba, su ɗaure miyar da ƙwai da lemun tsami ta yi fari da santsi. Ga yadda ake yi: ki kaɗa gwaiduwar ƙwai biyu da ruwan lemun tsami mililita 50, ki riƙa zuba romo mai zafi a kai kaɗan-kaɗan kina kaɗawa har ludayi biyu, sannan ki mayar cikin tukunyar da aka sauke kina juyawa a hankali. Kin juye ƙwan kai tsaye, ko kin bar miyar ta sake tafasa, zai tsinke ya yi gudaji. Wannan na farar miya ne, ba ya tafiya da tumatir.

Gishiri in ya zarce, ƙarin romo ko ruwan zafi ne maganinsa. Jefa ɗanyen dankali ba ya tsame gishiri kaɗai, ruwan miyar yake sha yadda yake. Maiƙo in ya yi yawa, ki janye tukunyar gefe ɗaya na wuta, zai taru a ɓangaren da ba ya motsi ki kwashe da cokali. Ƙwallaye kuwa in sun riga sun watse, ba mai haɗa su. Ki tace romon, ki mayar da naman da kayan lambun, ki ƙara shinkafa dafaffiya, miya ce ta daban amma ana sha.

Abin da ya rage ya shiga firij kafin awa biyu, a robobi marasa zurfi don ya huce da wuri, zai yi kwana uku zuwa huɗu. Don firiza, ɗanyun ƙwallayen sun fi miyar kanta jurewa, dankali in ya daskare ya narke yana yin ruwa-ruwa. Ki jera su a tire ba tare da sun taɓa juna ba, su sandare awa biyu, sannan ki juye a leda, za su kai wata uku. Ranar amfani ba sai sun narke ba, daga firiza su faɗa romo mai zafi, ki ƙara minti 5 a kan lokacin dahuwa. Ɗumame kuma a ƙaramar wuta, har tsakiyar ƙwallon ta yi zafi sosai, da ɗan ƙarin ruwa rabin kofi domin burodin da ke ciki ya sha romo cikin dare.